Akwatin Lasifikar da Ka Haɗa Bai Fitar da Sauti Daidai Ba? Tambayoyi da Amsoshi Daga Jidda

Na daɗe ina haɗa akwatunan lasifika a nan Jidda, kuma 'yan'uwanmu Hausawa na Makka, Madina da Riyad sukan turo mini tambayoyi, wasu ma su ɗauko akwatin a mota su kawo har gida. Kusan kowa da magana ɗaya yake buɗe baki: "Ufar nan ba ta da kyau, wace zan sayo?" Ni kuwa abin da na gani shi ne, da wuya laifin ya zama na ufar, wato babbar lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri. Ko waya ce aka juya, ko akwatin na yoyon iska, ko girmansa bai dace da ita ba, ko kuma ɗakin ne ya lanƙwasa sautin. Yana ba ni takaici in ga mutum ya zuba riyal ɗari huɗu a kan sabon kaya alhali silikon na riyal goma zai warkar da ciwon. Ga tambayoyin da suka fi yawa, da abin da nakan amsa.

Malam, mene ne ma daidaiton sautin da kuke ta faɗa?

Sauti karkarwar iska ce. Yawan karkarwar a daƙiƙa ɗaya shi ake rubutawa da Hz. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga Hz 20 zuwa 20,000, kuma saman yana raguwa da shekaru. Ka ɗauke shi kamar tsani. Can ƙasa akwai rugugin tambari da babbar ganga, abin da muke kira bas. A tsakiya akwai muryar mutum, wadda tushenta ga namiji yake kusa da Hz 100 zuwa 150, ga mace kuma kusa da 200. Sama da nan algaita da sarewa suke, can ƙololuwa kuma akwai ƙarar "s" da "sh" da "ts", waɗanda suke zaune tsakanin Hz 4,000 da 8,000.

Lasifika mai kyau ita ce wadda ba ta fifita wani matakin tsanin a kan wani. Idan aka auna ta aka zana, layin yakan fito kusan a miƙe. Inda ya yi tudu, wannan sautin ya yi yawa. Inda ya yi kwari, ya ɓace. Ana auna tsayin tudun da desibel, wato dB. Bambancin dB 3 kunne yana kama shi, na dB 10 kuwa ji za ka yi kamar an ninka ƙarar. Akwatin gida da ya tsaya cikin dB 3 sama ko ƙasa ya yi kyau ƙwarai.

Yaya, sautin bai yi mini ba amma ban san me ke damunsa ba. Daga ina zan fara?

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Mayar da maɓallan bas da na siririn sauti tsakiya, a amfilifaya da kuma cikin wayar da kake kunnawa da ita, domin wayoyi da yawa suna da ikwalaiza, wato ma'aikacin ƙara wani matakin sauti ko rage shi, a ɓoye. Sa muryar da ka sani sarai, karatun wani makaranci da ka saba ji kullum ko labarun rediyo. Saurari akwatin dama shi kaɗai, sannan na hagu. In ɗaya ne mai matsalar, musanya wayoyinsu a bayan amfilifaya: in matsalar ta koma ɗaya gefen, ba a akwatin take ba. In ta tsaya inda take, kusantar da kunnenka ga kowace lasifika a jikin akwatin, ka tabbatar duk suna magana. Sau da yawa tuwita, ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti, ta daɗe da mutuwa mai ita bai sani ba.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka canza abu biyu a lokaci guda. In ka sauya kafasita, ɗaya daga ƙananan kayan lantarkin da ke cikin akwatin, kuma ka matsar da akwatin a zama ɗaya, ko sautin ya gyaru ba za ka san wanne ne ya yi aikin ba. Ajiye littafi ka riƙa rubuta abin da ka taɓa.

Idan na kunna akwati ɗaya akwai bas, idan na haɗa biyun sai ya gudu.

An juya waya. Faifan ufar dama yana turo iska waje, na hagu yana ja ciki, sai su kashe juna. Cire wayar daga amfilifaya, ka ɗauki batirin tocila mai volt 1.5, ka taɓa jar waya a kan batirin, baƙar kuma a gindinsa. Faifan ya kamata ya turo waje. Gwada ɗayan. Wanda ya shige ciki, juya masa wayoyi. Kada ka yi wannan gwajin kai tsaye a kan tuwita, zaren wayar da ke naɗe a cikinta siriri ne.

Alhaji ne daga Makka. Nawa bas ɗin akwai shi har ya yi yawa, amma dum-dum kawai yake yi, kowace ganga murya ɗaya.

Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza. Ko akwatin ya yi wa ufar kaɗan, ko ɗakin ne. Bari mu fara da akwatin.

Kowace ufa tana da lambobi uku da suke faɗin halinta: Fs, Qts da Vas. Wani injiniya ɗan Ostireliya, Neville Thiele, ya shimfiɗa lissafinsu a 1961, Richard Small kuma ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, shi ya sa ake haɗa sunayensu. Fs shi ne matakin da faifan yake son karkarwa da kansa. Qts yana nuna yadda maganaɗisu yake iya riƙe faifan kada ya ci gaba da rawa bayan an gama bugu. Vas kuma taushin faifan ne, an auna shi da lita.

Iskar da ke cikin rufaffen akwati kamar sifirin take. In akwatin ƙarami ne, sifirin ɗin ya yi tauri, sai faifan ya riƙa tsalle a mataki ɗaya. Lissafin ba wuya: raba Vas da litar akwatin, ƙara 1, ka fitar da tushen murabba'i, ka ninka da Qts. Amsar da ake nema ita ce kusa da 0.7. Misali ufa mai Qts 0.45 da Vas lita 60. A akwatin lita 40 amsar 0.71 ce, daidai ke nan. A lita 20 ta zama 0.9, an fara jin kumburi. A lita 15 ta kai 1.0, to ga dum-dum ɗin da kake ji. Kuma lita ta ciki ake nufi, bayan an cire kaurin katako da wurin da maganaɗisu ya cinye. Da yawa kafinta daga waje yake aunawa, sai a yi asarar lita biyar ko fiye ba a sani ba.

In akwatin ya gaza da kaɗan ne, cusa audugar filo a ciki sako-sako, tana sa ufar ta ji kamar wurin ya ɗan ƙaru. In ya gaza da rabi, auduga ba za ta cece shi ba, sai sabon akwati. Kafin a sake yanka katako a zuba lambobin a manhajar WinISD, kyauta ce, za ta zana maka layin tun ba ka sayi ƙusa ba.

To yaya zan gane ko ɗakin ne?

Tashi ka zaga. In bas ɗin ya cika kai a jikin bango da kusurwa, amma a tsakiyar ɗaki ya ɓace, ɗakin ne ke magana.

Wannan ita ce babbar matsalarmu a ƙasar nan. Gidajenmu bulo ne da siminti, ƙasa tayil, babu abin da ke shan sauti. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. In ya bugi bango ya dawo, akwai matakin da tafiyarsa da dawowarsa suke haɗuwa su ƙarfafa juna. Raba 343 da ninkin tsawon ɗakin, za ka sami matakin. Ɗaki mai mita 4 yana kumbura Hz 43, da 86, da 129. Mai mita 5 yana kumbura Hz 34 da 69. Rufi mai tsayin mita 3 yana ƙara nasa a Hz 57. Mafi muni shi ne ɗaki mai tsawo da faɗi ɗaya, kamar 4 da 4, domin tudu biyu ne suka hau kan juna. Tudun ɗaki yana iya wuce dB 10, ya fi duk wani kuskuren da kafinta zai yi.

Ga kuma yadda muke zama. Majalisi, wato ɗakin da muke zama a ƙasa, matasansa a jingine suke da bango, wato daidai inda bas ya fi taruwa. Mai gida yana jingine yana cewa bas ya yi yawa, yaron da ke zuba shayi a tsakiya yana cewa babu. Duk su biyun gaskiya suke faɗa. Bayan rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Karantina da Gulel da Sabil, mutane da dama da suka koma sababbin gidaje sun zo mini da cewa lasifikarsu ta lalace a hanya. Da muka duba, lafiyarta lau, ɗaki ne ya canza.

Labule da kafet ba sa maganin wannan. Zangon sautin Hz 50, wato tsawon karkarwarsa guda a cikin iska, ya kusa mita 7, labule mai kaurin yatsa ba ya tare shi. Suna da amfani ga amsa-kuwwar murya da siririn sauti, ka sa su, amma bas wuri yake bi. Fitar da akwatin daga kusurwa. Matsar da shi taku-taku kana saurare daga mazauninka. In akwatin bas ne shi kaɗai, akwai dabarar da nake so: ɗora shi a inda kake zama, ka kunna, ka bi gefen bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji bas ɗin ya fito sumul, kowane bugu da muryarsa, nan ne mazauninsa.

Ka kula da tazarar bangon baya ma. Sautin da ya koma baya ya dawo yana kashe wani mataki: ninka tazarar sau huɗu, ka raba 343 da amsar. In fuskar akwatin tana mita 1 daga bango, kwarin yana Hz 86, a tsakiyar bas ke nan. Ko ka matsa da shi kusa da bango sosai, ko ka fito da shi nesa.

Na sa bututun iska don bas ya ƙaru, sai ya koma fuu-fuu, ufar kuma tana ta kaɗawa kamar za ta fita.

Bututun ba rami ba ne kawai, kayan kiɗa ne. Kamar yadda kwalba take kuka in ka hura bakinta, haka akwati da bututunsa suke da mataki ɗaya da suke amsawa. Tsawaita bututu yana saukar da matakin, faɗaɗa shi yana ɗaga shi. A akwatin lita 40, bututun famfo mai faɗin inci 3 da tsawon santimita 15 yana ba da kusan Hz 40. Yanke shi ya koma santimita 8, ya haura kusa da Hz 50, bas ya kumbura a sama, na ƙasa ya tafi.

Ga yadda za ka san inda naka ya tsaya ba tare da na'ura ba. Sauko da manhajar da ke fitar da sautin gwaji, ka fara daga Hz 80 kana sauka a hankali, da ƙara matsakaiciya, yatsanka a gefen faifan. Akwai inda faifan zai kusan tsayawa cik, iska kuwa tana bugowa da ƙarfi daga bututun. Wannan shi ne matakin. Ƙasa da shi akwatin ba ya riƙe faifan ko kaɗan, shi ya sa kake ganin yana kaɗawa ba sauti, kuma a nan ufa take yagewa.

Fuu-fuu ɗin kuwa iska ce ta yi wa bututun yawa. A faɗaɗa shi, a ƙara masa tsawo don matakin ya tsaya inda yake, a goge bakinsa ya yi laɓɓa masu lanƙwasa. Bakin ciki kada ya matsu da bangon akwatin, a bar masa tazara aƙalla kwatankwacin faɗinsa, kuma kada auduga ta toshe shi. Ufa mai Qts sama da 0.5 galibi ba ta son bututu ma sam, rufaffen akwati ya fi mata.

Ta yaya zan san akwatin yana yoyo?

A rufaffen akwati, buɗe yatsunka ka danna faifan a hankali, ka saki. In ya dawo a sannu, akwatin a toshe yake. In ya dawo nan take, iska na fita. Don gano wurin, kunna Hz 30 ka zaga da hayaƙin turaren wuta a gefen ufar, da mahaɗar katako, da ramin waya. Inda hayaƙin ya yi rawa, nan ne. Silikon a mahaɗa daga ciki, siririn soso a ƙarƙashin bakin ufar.

Kawu, mun haɗa wa makarantarmu akwati, ufa inci 12 da tuwita. Ƙara akwai, amma in malam yana karatu ba a rarrabe haruffa.

Wannan tambayar ta fi kowace taɓa ni, domin yaro da ke koyon karatu in bai ji bambancin sinun da sadi ba, an cuce shi. An taɓa kawo mini irin wannan akwatin, da na saurara sai na ji ƙirjin muryar da kuma tsit-tsit a sama, tsakiyar babu kowa.

Dalili shi ne, babban faifai ba ya iya watsa siririn sauti. Da zarar zangon sautin ya gaza faɗin faifan, sai ya tattara ya tafi gaba kamar hasken tocila. Ga inci 12 wannan yana farawa wajen Hz 1,300, ga inci 15 wajen 1,000, ga inci 6.5 kuma sai wajen 2,600. Ƙananan tuwitocin nan masu araha da ake kira fiyezo kuwa galibinsu ba sa fara magana sosai sai wajen Hz 3,500 zuwa sama. To tsakanin 1,300 da 3,500 wa ya riƙe? Kuma a nan ne fahimtar magana take. Wanda ke zaune saitin akwatin zai ɗan ji, yaran da ke gefe ba za su ji ba.

Magani biyu ne. Ko a ƙara lasifikar tsakiya mai inci 4 ko 5, a killace ta a ɗakinta daban cikin akwatin don iskar ufar kada ta riƙa tura ta. Ko a sa tuwita mai ƙaho ta gaske wadda za ta iya sauka zuwa Hz 1,500 ko 1,800. In don karatu da wa'azi kawai ake so, ni shawarata a bar inci 12 ɗin gaba ɗaya. Ƙananan akwatuna biyu ko huɗu masu inci 6, a rarraba su a bango sama da kawunan yara, a karkato su ƙasa, sun fi ƙaton akwati ɗaya a kusurwa nesa ba kusa ba.

In kuwa girman lasifikokin ya dace amma har yanzu muryar kamar daga rijiya take fitowa, juya wayoyin tuwitar kaɗai ka saurara. Kurosoba, wato abin da ke raba sauti tsakanin ufa da tuwita, in mai koyil (naɗaɗɗiyar waya) ɗaya da kafasita ɗaya ce a kowane reshe, tana juya sautin ufa da na tuwita su saɓa wa juna a mahaɗarsu, sai su kashe juna a wurin. A irin wannan tsarin, juya tuwita shi ne daidai. Wanda muryar ta fi cika da shi, shi za ka bari.

Na sayi kurosoba haɗaɗɗiya, an rubuta Hz 3,000 a jikinta. Me ya sa ba ta yi ba?

Domin wanda ya haɗa ta bai taɓa ganin lasifikarka ba. Ya yi lissafi ne a kan cewa turjiyarta ga wuta, wadda ake aunawa da om, 8 ce daga ƙasa har sama, lasifika kuwa ba haka take ba. Ko da mitar awo ka gwada mai om 8 za ka ga wajen 6, mai om 4 kuma 3 da ɗoriya. In sauti ya hau sama, zaren ufar da kansa koyil ne, sai turjiyarsa ta ƙaru, a Hz 3,000 tana iya ninkawa. Koyil ɗin kurosobar sai ya kasa yanke ta, ufar ta ci gaba da ihu a inda ya kamata ta yi shiru.

Dubi kafasita ma. Tuwita mai om 8 tana buƙatar maikurofarad 6.6 don ta yanke a Hz 3,000. Sa wannan kafasitar a tuwita mai om 4, yankan ya koma 6,000, ka buɗe rami. Don haka abu na farko, tabbatar om ɗin sun dace. Na biyu, a gitta wa ufar razista, wato ɗan abin da ke rage wuta, da kafasita a jere daga jar waya zuwa baƙa, abin da ake kira da sunan Zobel, injiniyan kamfanin tarho na Bell a Amurka. Ga matsakaiciyar ufa mai om 8, razista om 8 da kafasita tsakanin maikurofarad 10 da 20 sukan daidaita turjiyar. Wanda yake da makirufon awo, manhajar VituixCAD za ta ba shi damar gwada kurosoba a kwamfuta kafin ya kunna dalma.

Tuwitar tana yanka kunne, minti goma kaina ya fara ciwo.

Galibi ta fi ufar ƙarfi ne. Ufa mai dB 87 da tuwita mai dB 92 ba za su zauna lafiya ba sai an rage wa tuwitar. Ga mai om 8, razista om 2.2 a kan hanyarta da om 20 a gitte suna rage kusan dB 3. Om 4 a hanya da om 8 a gitte suna rage dB 6. A sa masu wat 10, bayan kurosoba, dab da tuwitar.

In an rage amma zafin bai tafi ba, duba ko an yanke ta ƙasa da ƙarfinta. Ƙa'idar ita ce kada a sauko da tuwita ƙasa da ninkin Fs ɗinta. Ufa mai faifan ƙarfe ma tana da wata ƙara mai kaifi can wajen Hz 4,000 zuwa 8,000, in kurosoba ba ta danne ta ba tuwitar ake ɗora wa laifi.

Da akwatin yana jikin bango muryar tana da kauri, da na ɗora shi kan ƙafa a fili sai ta sirance.

Faɗin fuskar akwatin ne. Siririn sauti yana bugun fuskar ya tafi gaba duka. Mai kauri kuwa zangonsa ya fi fuskar faɗi, sai ya zagaya baya, rabinsa ya tafi inda ba kowa. Asarar tana kai dB 6 a fili. Raba 115 da faɗin fuskar a mita, za ka ga tsakiyar inda abin yake faruwa: fuska mai santimita 25 tana ba da Hz 460. Ko ka mayar da shi kusa da bango, ko a ƙara girman koyil ɗin ufar don a danne tsakiya da dB 3 zuwa 4, sannan a rage tuwita ta biyo su. Ƙarar gaba ɗaya za ta ɗan ragu, amma muryar za ta dawo da jikinta.

Na samo lasifikokin mota a tashlih, inda ake kwance tsofaffin motoci, kuma akwai su da araha a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarikh. Za su yi a gida?

Za su yi magana, amma ka san abin da ka saya. An ƙera su ne don ƙofar mota ko bayan kujera, inda iska take da yawa, don haka Qts ɗinsu yakan yi sama. A ƙaramin akwati dum-dum za su yi. Ba su babban rufaffen akwati da auduga, ban da bututu. Kuma om 4 ne, in ka haɗa biyu a gitte sun zama om 2, amfilifayar gida za ta yi zafi ta mutu. Kafin ka biya, danna faifan a hankali: in ka ji yana gogar wani abu, zaren ya ƙone ko ya karkace, ajiye musu kayansu.

Akwai wani gurnani da ba ya tsayawa ko an kashe kiɗa.

Ba daga akwatin yake ba, akwatin da babu wuta a cikinsa ba ya ƙirƙirar ƙara. Wutar Saudiyya Hz 60 take, saɓanin ta Nijeriya da Nijar da Sudan mai 50, don haka gurnanin da za ka gani a manhajar awo yana 60 ko 120. Cire duk wayoyin da ke shiga amfilifaya. In ya yi shiru, wata waya ce marar kyau, ko na'urori biyu a soket daban-daban, sai a haɗa su a soket ɗaya. In bai yi shiru ba, musamman in 120 ne, manyan kafasitocin wutar amfilifayar sun gaji. Kai wa mai gyara, domin suna riƙe wuta ko bayan an cire filogi. Kuma kada ka karya ƙafar ƙasa ta filogi don gurnani ya tafi, ita ce ke tsare ranka.

Wayata za ta iya aunawa, ko sai na sayi makirufo?

Waya tana da amfani wajen kwatanta kafin gyara da bayan gyara, in ka ajiye ta wuri ɗaya. Amma makirufonta don magana aka yi shi, kada ka yarda da abin da ta nuna can ƙasa ko can sama. Mai son aikin da gaske ya nemi makirufon awo irin UMIK-1, wanda ake sokawa a kwamfuta kai tsaye, da manhajar REW, ita ma kyauta ce.

Kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kafin ka fara, ƙararsa tana cika ƙasan layin. Sa makirufon mita 1 daga akwatin, saitin tuwita. A cikin ɗaki, sautin da ya bugi tayil yana isowa bayan kamar kashi 3 ko 4 cikin dubu na daƙiƙa, sai ka umarci manhajar ta yanke duk abin da ya zo bayan nan. Abin da ya rage shi ne lasifikar zalla, amma daga wajen Hz 300 zuwa sama kawai. Don bas, kawo makirufon kusan santimita 1 daga tsakiyar faifan, dabarar da Don Keele ya bayyana a 1974. In kana da rufin bene, can ya fi, amma ka rage ƙara, ka zaɓi lokacin da maƙwabta ba sa barci, kuma ba lokacin salla ba.

Ba zan iya gyara duka da ikwalaiza ba?

Tudu, e. Kwari, a'a. In ɗaki ya kumbura Hz 43, rage shi da ikwalaiza yana aiki sosai. Amma kwarin da ya samu saboda sauti biyu suna kashe juna, ko nawa ka ƙara, duka biyun kake ƙarawa, su ci gaba da kashe juna. Ƙarin dB 3 ninkin wuta ne, ƙarin dB 10 kuwa wuta sau goma. A nan tuwitoci da ufofi da yawa suke ƙonewa.

Da dare in na rage ƙara sai bas ya ɓace, Malam. Akwatin ne?

Kunnenki ne, Hajiya, kuma na kowa haka yake. Fletcher da Munson sun auna wannan tun 1933: in ƙara ta yi ƙasa, kunne yana fara sakin bas kafin murya. Ki ɗan ƙara maɓallin bas da dare, ki mayar da shi da rana.

Bara sautin lafiya lau, bana bayan zafi ya canza. Me ya faru?

Yanayin ƙasar nan yana cin lasifika. A Makka da Madina zafin bazara yana haura digiri 45, a Jidda kuma ga raɓar Bahar Maliya. Fara da leɓen faifan. In na soso ne, shafa shi da yatsa, in ya marmashe ko ya yi danƙo ya gama, iska tana bi ta nan, bas ya tafi. Ana sayar da sabon leɓe a liƙa, ba sai an jefar da ufar ba, kuma a gaba ka zaɓi mai leɓen roba. Katakon MDF yana shan raɓa ta gefen da aka yanka, ya kumbura, mahaɗa ta buɗe, sukurori su saki. Ɗaure sukurorin ufar, ka sake gwajin hayaƙi, ka shafe duk gefen da yake tsirara da fenti, har da na ciki da na ƙasa.

Sai kurosoba. Kafasitocin nan masu kamar ƙaramin gwangwani ruwa ne a cikinsu, zafi yana busar da shi, lambarsu ta kauce, mahaɗar ufa da tuwita ta matsa. A reshen tuwita a canza su da na leda, waɗanda ba sa bushewa. Wasu tuwitocin ma akwai wani mai a ramin zarensu don sanyaya shi, in ya daskare sai saman sautin ya dushe, za ka gane in ka kwatanta dama da hagu.

Akwai kuma canjin da yake zuwa ya tafi a wuni ɗaya. In an kai akwatin istiraha, gidan shaƙatawa da ake haya, wajen biki aka buɗe masa wuta awa biyu, zaren yana zafi, turjiyar jan ƙarfe kuwa tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Zaren da ya ƙara digiri 100 turjiyarsa ta ƙaru da kashi 40, sai ƙara ta ragu, mai riƙe da amfilifaya ya ƙara murɗawa, zafin ya ƙaru. In ka ji sautin ya fara laushi a tsakiyar taro, rage ƙarar na ɗan lokaci ya huce. Bayan an tashi kuma a shigar da akwatin cikin gida a daren, kada ya kwana a bayan mota rana ta fito ta same shi.